Buhu Uku a Kujerar Verna

Duk wanda ya taɓa zama a Tilby, can tsakiyar gonakin masarar Nebraska, ya san Orval Stuckey. Wani siririn dattijo ne mai tabon walda a bayan hannu, tef ɗin awo kullum maƙale a ƙugunsa, ko da ranar Lahadi ce a coci. Shekara arba'in ya yi yana walda a masana'antar da ke ƙera rumbunan hatsi na ƙarfe. Bai taɓa makara ba, bai taɓa sa-in-sa da kowa ba, ba ya shan barasa, ba ya caca. Mutumin kirki ne, in faɗa muku gaskiya, har kirkin nasa yakan gundure ka. Amma ka kuskura ka ambaci motarsa, to ka nemi wurin zama, don ranar ba za ka ci abincin rana a kan lokaci ba.

Ya saye ta a shekarar 1969, watan da aka sallamo shi daga soja. Ja ce wur, ƙofa biyu, ƙirar Detroit ta zamanin da ake ɗauko injin da ya isa jan tirela a cusa shi a motar kai iyali coci. Gabanta cike da ƙarfe, bayanta fayau. Shi ya sa 'yan gari suka laƙaba mata Ɓauna: ga kai, ga ƙirji, ƙugu kuwa sai a hankali. A cikinta ya riƙa zuwa zance wurin Verna Hofstetter, ita ta ɗauko su daga coci ranar aure, kuma saura ƙiris a haifi 'yarsu Loretta a cikinta, don naƙuda ta taso wa Verna yana tsakiyar canza mai, ya ce ta ɗan daure ya ƙarasa ɗaure noti.

Verna ba ta riƙe shi da wannan ba. Mace ce mai jiki, mai fara'a, dariyarta daga ƙarshen layi ake jiyowa. Shekara ashirin da takwas tana tuƙa bas ɗin makaranta, da ƙanƙara da taɓo, yara arba'in na ihu a bayanta, ba ta taɓa jefa taya a kwata ba. Amma Ɓauna ko sitiyarinta ba ta taɓa riƙewa ba. Ba wai Orval ya hana ta da baki ba ne. Makullin ne dai yake aljihunsa tun ranar da ya sayi motar. Kujerar Verna ita ce ta dama, kuma kowa ya san tata ce.

Dalilin da ya sa kowa ya sani kuwa shi ne tseren watan Agusta. Asabar ɗin ƙarshe ta watan, in an tashi daga baje kolin amfanin gona, gari gaba ɗaya yakan ɗunguma zuwa tsohon filin saukar jirgin feshin gona, a jera motoci bibbiyu, a miƙe sambal rubu'in mil. A 1975 wani ya kifar da mota ya karya ƙugu, matan coci suka taru suka ce an daina, ba tsere ba dalilinsa. Wata uku maza suna lallashi suna cin abinci mai sanyi, kafin aka yi sulhu. Za a yi tsere, amma ba wanda zai hau layi sai da matarsa a gefensa. Tunanin matan shi ne, namijin da ke ɗauke da uwar 'ya'yansa ai zai yi hankali. Hankalin dai ba mu gan shi ba, amma dokar ta zauna daram. Opal Tietjen, mai kula da babban sikelin ma'ajiyar hatsi, wadda yaro da babba Goggo suke ce mata, ita ta rubuta ta a bayan takardar awon masara: miji da mata a gaba, kafaɗa da kafaɗa, ƙofa a rufe, bel a ɗaure. Ita ce kuma take ɗaga tuta. Gwauraye sai dai su yi kallo. An ce aure biyu aka ɗaura a Tilby don wannan doka kawai, ɗayan ma har yau bai mutu ba.

Sai kuma Merle Hofstetter, ƙanen Verna. Gajere ne mai tumbi, tayoyin tarakta yake sayarwa, bakinsa kuwa ba ya hutawa. Motarsa shuɗiya ce, injinta bai kama ƙafar na Ɓauna ba. Matarsa Ardis ko ana cikin tsere saƙa take yi, ba ta ɗaga kai. Kowace shekara Goggo Opal takan haɗa surukan nan biyu a zagayen ƙarshe, don shi jama'a suke zuwa gani, kuma kowace shekara abu ɗaya ne ke faruwa. Tuta na sauka, Ɓauna ta yi ruri, tayoyinta na baya su kama juyawa a wuri ɗaya, hayaƙi ya turnuƙe har ba a ganin mutane. Kafin su kama ƙasa Merle ya yi nisa. Daga baya ta taso a fusace tana cin tazara, tana ci, tana ci, saura taku goma ta kamo shi, sai layi ya ƙare. Sau talatin da uku a jere.

Da Merle zai ci ya yi shiru, da da sauƙi. Ina! Ko ranar cin talotalo ta ƙarshen kaka, dangi sun kewaye tebur, sai ka ji ya ce, "Mijin Yaya, miƙo mini miyar nan. A'a, bar shi kawai, kafin ka taso ta huce."

"Nauyin ne duk a gaba," in ji Orval, kansa a kan faranti. "Baya ba abin da ke danne shi."

"Gaskiyarka. Amma hayaƙin bana ya fi na bara kyau, wallahi. Sauro bai dawo unguwarmu ba sai bayan sati biyu."

"Ku ci abinci, don Allah," Verna za ta ce, ta ƙara wa kowannensu dankali.

Orval ba ya ramawa, amma abin yana cin sa ƙwarai. Ba dabarar da bai gwada ba. Ya sa faffaɗan tayoyi, ya rage musu iska. Wata shekara ya sa bulo biyu na siminti a but, suka kwance a tsakiyar gudu suka fasa masa fitilar baya. Wata shekarar kuma ya daina cin man shanu har wata huɗu, ya rame ya zama abin tausayi, alhali shi a tsakiyar motar yake zaune, ramarsa ba ta rage wa gaba komai ba.

A farkon 2009 abubuwa uku suka faru. Orval ya yi ritaya. Aka sayar da filin jirgin feshi ga wani manomi da zai huɗe shi ya shuka waken suya, wato tseren Agustan nan shi ne na ƙarshe har abada. Na uku, aka yi wa Verna aiki a gwiwar dama, aka sa mata ta ƙarfe. Ta warke garau, tana tafiya, tana tuƙa kanta zuwa kasuwa, sai dai gwiwar ba ta lanƙwasuwa sosai, in za ta zauna dole ta miƙe ƙafar gaba. Orval ne ya yi jinyarta. Wata biyu shi ke sa mata safa, shi ke ɗaure mata igiyar takalmi, shi ke jawo mata ɗan benci ta ɗora ƙafar. Ku riƙe wannan, don kada wani ya zo daga baya ya ce mini ai bai sani ba ne. Ya sani sarai.

Amma maganar filin ita ta cika masa kai. Damar duniya guda ɗaya ta rage masa. In ya bari ta wuce, Merle zai bi shi da zancen hayaƙi har bakin kabari, kuma in aka yi rashin sa'a ya riga Merle tafiya, ya san a wurin jana'iza ma sai an ce yau ɗaya ya riga wani isa. Sai ya kai Ɓauna sikelin Goggo Opal. Aka ɗora tayoyin gaba aka karanta, aka ɗora na baya aka karanta. Cikin kashi ɗari na nauyinta, hamsin da shida suna gaba. Ya mayar da batir but, ya cire bambar gaba, ya sauya bonet da mara nauyi. Ta sauko hamsin da uku ta cije. Ya daɗe tsaye yana kallon injin nan kamar mai kallon surukin da ya zo kwana biyu ya yi shekara, sa'an nan ya yanke shawara: injin ne zai matsa baya.

Matsalar ita ce awon dole a yi shi yadda motar za ta hau layi, da direba da matarsa a ciki. Verna kuwa ba za a sa ta a wannan sirri ba. Kullum da hantsi sai sun yi waya da Ardis, abin da Ardis ta ji kuma Merle ya ji kafin ya shanye kofinsa. To ko nauyinta ne ya tambaye ta? A Tilby kana iya tambayar mutum cutar da ke damunsa, kana iya tambayarsa wanda ya zaɓa, amma namiji mai son zaman lafiya ba ya tambayar matarsa laba nawa ce.

"Sa buhun masara a madadinta," in ji Goggo Opal daga tagar ɗan ɗakinta. Shekarunta saba'in da takwas a lokacin, ta ƙi ritaya, ta ce ba ta ga wanda za ta amince wa da sikeli ba. "Kowane buhu laba hamsin ne."

"Nawa zan sa, Goggo?"

"Ni ce mijinta?"

Orval ya sosa ƙeya. "Uku."

Ta sauke tabarau ta dube shi ta samansa. "Orval, ni ma fa na san Verna."

"Uku," ya sake cewa, wannan karon da ƙarfi.

"To. Allah ya ba ka ladan zaman aure."

Daga Afrilu ya rufe gareji ya liƙa jarida a tagogi. Ya gaya wa Verna tsatsa yake kankarewa. Ta ce to, Allah ya taimaka, ba ta ƙara tambaya ba, don ta ji daɗin samun falo ita kaɗai. Ya rataya sarƙa a ƙarfen rufi ya ɗaga injin, ya yanke bangon ƙarfen da ya raba inji da mazaunin mutane, ya ƙera sababbin ƙafafun da injin zai zauna a kai, ya rage tsawon farfela, ya matsar da sandar giya. Aikin hannunsa kam ba a magana, waldar nan sumul kamar ɗinkin tela. Inci uku ya fara matsarwa. Da sassafe ranar Litinin, kafin manoma su fito, ya lulluɓe ta da tamfol ya ja ta da a-kori-kura zuwa sikeli. Ya shiga ya zauna, buhu uku a gefensa, Goggo ta karanto lamba daga taga. Ba ta kai ba. Ya koma ya ƙara inci biyu. Ya sake komawa ya ƙara biyu.

Duk incin da injin ya matsa, cikin ɗakin motar yake shigowa, sai Orval ya ƙera masa akwatin ƙarfe ya rufe shi. Ta hagu akwai sandar sitiyari, akwai totur da birki da kuloci, ba halin taɓawa. Don haka akwatin ya yi ta kumbura ta dama. Da farko buhu biyu ne a kujera, ɗaya a ƙasa wurin sa ƙafa. Da wurin ya matse sai ya karkata na ƙasan. Da ya ƙara matsewa sai ya ɗauke shi ya ɗora a kan 'yan'uwansa, ya ja bel ya ɗaure su. Buhu bai ce uffan ba. Har hira ya koma yi da su. "Verna, me kika gani, mu ƙara inci ɗaya?" Shiru. "Ni ma haka na gani." Ya gaya mini da bakinsa daga baya cewa bai taɓa samun fahimtar juna da iyalinsa kamar a watannin nan ba.

Sati biyu kafin tsere, a inci na goma sha ɗaya, Goggo Opal ta karanto lambar gaba, ta karanto ta baya, ta sake dubawa.

"Daidai wa daida," ta ce. "Ko laba biyar ba su bambanta ba."

Orval ya kifa goshi a kan sitiyari. Mutumin da bai yi kuka ranar aurar da Loretta ba, sai ga shi yana share ido da tsumman goge mai. Ya dafa buhun sama ya ce, "Mun gama, Verna." Goggo ba ta fito ta leƙa cikin motar ba. Aikinta lamba ne, kuma lamba ta yi kyau.

Ranar tsere ba masaka tsinke a filin. Har waɗanda suka bar gari shekara ashirin sun dawo ganin na ƙarshe. Ga gasasshiyar masara, ga kek ɗin tuffa na matan coci, ga kujerun ninkewa jere har bakin shinge. Fasto ya yi addu'a gajeriya, don shi ma yana zagaye na uku. Verna ta riga ta taho tare da Ardis da kulolin abinci. Sai da aka kusa zagayen ƙarshe sa'an nan Orval ya iso da a-kori-kura, ya yaye tamfol, ya ɗaga bonet, ya koma gefe ya harɗe hannu.

Maza suka yi caa a kai. Inda aka saba ganin inji, fili ne fetal, mutum zai iya tsayawa a ciki. Injin yana can ƙurya, rabinsa ya shige ƙarƙashin gilashi. Wani ya yi fito. Merle ya kutso ya leƙa, ya zagaya, ya durƙusa da ƙyar ya duba ƙasa, ya miƙe. A karo na farko a tarihin Tilby ya buɗe baki ba abin da ya fito.

"Hamsin gaba, hamsin baya," in ji Orval a hankali. Wata huɗu yana tanadin wannan magana.

Goggo Opal ta busa usur. "Stuckey da Hofstetter, a hau layi!"

Verna ta goge hannu a rigar girkinta, ta taho tana ɗan jan ƙafa, ta buɗe ƙofar dama. Ta tsaya.

"Baban Loretta, su wane ne waɗannan a kujerata, har da bel?"

Ɗoki ya sa ya manta bai sauke su ba. Ya fara kame-kame, ya ce awo ne, ya ce sirri ne, ya ce a madadinta ne dai kawai. Verna ta ƙirga buhunan da ido, daga ƙasa zuwa sama.

"Uku?" Fuskarta ta yi laushi. "Kai, Baban Loretta."

"Uku?" in ji Merle, wanda bakinsa ya dawo nan take. "Yaya, na huɗun fa, a gida aka baro shi?"

Ta kai masa duka da jaka, ya goce, jama'a suka kwashe da dariya. Aka sauke buhuna. Verna ta juya ta zauna a bakin kujera, ta ɗago ƙafar hagu za ta shigar, ƙafar ta yi karo da ƙarfe, ƙwal. Ta leƙa. Inda ƙafafunta suka saba miƙewa shekara arba'in, akwati ne baƙi, an yi masa fenti tsaf, ya taho har gab da bakin kujera. Abin da ya rage bai fi faɗin tafin hannu ba.

Aka shiga gwaje-gwaje. Ta shiga da baya, ba ta yiwu ba. Aka tura kujera har ƙarshe, gwiwar ƙarfe ta ce ba da ita ba. Wani mai hikima ya ce ta fito da ƙafar ta taga, har an fara ɗagawa Goggo Opal ta daka tsawa ta ce ba a filinta ba. Orval ya ce ko ta zauna a baya? Goggo ta zaro takardar nan da ta yi ja don tsufa, ba ta ko buɗe ta ba, ta nuna masa kawai. Ardis, wadda ke zaune cikin shuɗiyar mota tun ɗazu, ta ajiye saƙarta ta juyo tana kallo, abin da ba a taɓa gani ba.

Dariya ta fara mutuwa. Verna ta dafa ƙofa ta miƙe, tana haki, gashinta ya wargaje.

"Orval Stuckey," ta ce, ba da ƙarfi ba. "Ka auna batir. Ka auna bamba. Na tabbata ka auna man da ke cikin tanki. Wata biyu kana sa mini safa da hannunka, ba ka ga ƙafar ba?"

Ya duba tef ɗin da ke ƙugunsa, ya duba ƙasa. Kunya ta rufe shi, irin wadda ba ta da wurin ɓuya, gaban gari guda. Wata huɗu yana lissafin matarsa, bai tuna ta ba ko sau ɗaya. Ga shi kuma tseren ya tafi. Ba matar da za ta zauna, ba hawa layi, ba kuma wata shekara.

Abin mamaki, Merle ne ya je roƙo. "Goggo, don girman Allah, na ƙarshe ne fa. A bar shi ya ɗauki buhunan. Ni ba na son cin irin wannan."

"Shekara talatin da uku ban ɗaga wa kowa ƙafa ba," in ji ta. "Ba zan fara ranar rufewa ba. Minti biyar na ba ku."

Verna ta dubi mijinta, yana tsaye kamar wanda aka yi wa rasuwa. Ta ja tsaki. Ta zagaya ta gaban motar, ta buɗe ƙofar hagu, ta leƙa. Nan kam fili har da saura, ba a taɓa ko inci ɗaya ba. Ta gyaɗa kai, irin na wanda ya ga abin da ya zata.

"Goggo, takardar nan ta faɗi wanda zai riƙe sitiyari?"

"Ba ta faɗa ba. Ba wanda ya taɓa tambaya."

Verna ta miƙa hannu ta saman motar. "Kawo makulli."

"Verna, ai ba bas ba ce, tana da..."

"Saura minti huɗu," in ji Goggo Opal.

Ya ba ta. Shi kuma aka taru aka naɗe shi aka cusa a kujerar dama, dugadugansa a kan kujera, gwiwoyinsa a kunnuwansa, aka ja bel aka zagaye shi gaba ɗaya, aka danna ƙofa da kafaɗa. Merle ya leƙo ta taga.

"Mijin Yaya, kai kam buhu biyu da rabi ne."

Verna ta tayar da inji. Ƙarar da Orval ya saba jiyowa daga can gaba, yanzu a ƙarƙashin haƙarƙarinsa take, zafi na dukan ƙwaurinsa. Ya ɗaga murya ta tsakanin gwiwoyinsa.

"Ki taka totur sai allurar agogon inji ta kai dubu biyar! Tuta na sauka ki saki kuloci gaba ɗaya, lokaci guda!"

"Haka kake yi?"

"Shekara talatin da uku!"

"To," in ji Verna.

Tuta ta sauka. Verna ta saki kuloci yadda take sakinsa a kan ƙanƙara da yara arba'in a baya, sannu, ba garaje, sa'an nan ta miƙe ƙafar daman nan a kan totur. Ita kuwa wannan ƙafa da ma miƙewa ta fi iyawa. Ko ɗigon hayaƙi ba a gani ba. Ɓauna ta dosa gindi ƙasa, ta ɗaga hanci, ta yi tsalle ɗaya.

Mu da ke bakin shinge mun ga komai. Orval bai ga komai ba. Ƙeyarsa ta bugi kujera, cikinsa ya rage a layin farawa, shinge da mutane da sama suka cakuɗe suka taho kansa. Ba sitiyari a gabansa, ba birki a ƙarƙashin ƙafarsa, ba abin da zai yi da ransa sai jira. Hannunsa ya lalubo madafin ƙofa ya damƙe. Ya rufe ido gam, ya ƙwala ihu, kuma waɗanda ke kusa da ƙarshen layi sun rantse sunan mahaifiyarsa yake kira.

Da rabin tsawon mota ta riga Merle. Har yau in an zauna shan kofi a shagon tayoyi ana musu, wasu su ce inci goma sha ɗayan nan ne, wasu su ce ƙafar Verna ce, da ma injin bai taɓa yin laifi ba. Ni ina da ra'ayina, amma ina cin abinci a gidansu, don haka ba zan faɗa ba.

Can ƙarshen fili, kusa da masarar maƙwabta, Verna ta taka birki a natse ta kashe inji. Ihun jama'a yana tahowa daga nesa.

"Baban Loretta, buɗe ido, mun iso."

Ya buɗe ɗaya. "Wa ya ci?"

"Au, ba ka gani ba?"

Shuɗiyar mota ta tsaya a gefensu. Merle ya fito, ya cire hula, ya sunkuyo ta tagar dama, fuskarsa ja wur, yana dariya idonsa na ƙwalla. "Ka ga yadda kuka wuce ni? Mijin Yaya, ka ga fuskata kuwa? Shekara talatin da uku kana jiran ganinta!" Bai jira amsa ba, ya juya da gudu-gudu wajen masu tahowa don ya riga kowa ba da labarin.

Orval ya yi niyyar sakin ƙofa, yatsunsa suka ƙi buɗewa. Ya duba. A jikin fatar madafin akwai rami huɗu a jere, sun yi baƙi sun yi santsi, yatsunsa na zaune a cikinsu. Ba shi ya yi su ba, sun fi yatsunsa faɗi. Ya sha ganinsu in yana goge mota ranar Asabar, ya ɗauka tsufan fata ne.

"Verna," ya ce, muryarsa a dishe. "Haka abin yake a wannan ɓangaren?"

"Haka yake."

"Duk shekara?"

"Duk shekara."

"Me ya hana ki gaya mini?"

"In na gaya maka sai ka daina. Kai kuma kana so." Ta jawo madubi tana gyara gashinta. "Kada ka damu don ba ka gani ba. Ni ma sau talatin da ukun nan da ake cewa Merle ya cinye ka, ko ɗaya ban gani ba. Labari kawai nake ji in mun tsaya."

Orval dai bai saki ƙofar ba.